AJIYA A GAJIMARE: MAI KAYA DA MAI KIWO

Duk akawun da ya taɓa riƙe littafin haraji, da duk malamin da ya taɓa riƙe rajistar makaranta, ya san rubuta abu ba shi ne wuyar aikin ba. Wuyarsa ita ce adana shi, yadda gara ba za ta ci ba, wuta ba za ta lashe ba, kuma ran da aka neme shi a same shi nan take. A yau yawancin irin waɗannan littattafai sun koma cikin kwamfuta, cikin abin da ake kira rumbun bayanai, watau manhajar da ke jera sunaye da lissafi layi layi, ta fito da wanda aka tambaya cikin ƙiftawar ido. Muna so mu bayyana wa masu karatu yadda ake ba da kiwon irin wannan rumbu, da abin da ya wajaba mai kaya ya lura da shi.

Daga cikin rumbunan da suka fi shahara akwai waɗanda ake kira masu buɗaɗɗen tushe. Ma'anarsa, masu ƙirƙirarsu sun baje asirin ƙirar a fili, kowa yana da izinin ya ɗauka, ya yi aiki da ita, ya gyara, ba da biyan ko anini ba. PostgreSQL ya samo asali daga aikin da Farfesa Michael Stonebraker ya fara a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka cikin 1986, kuma har yau ba wani kamfani da ya mallake shi. MySQL kuwa ya fito daga ƙasar Suwidin cikin 1995.

To, amma kyautar doki ba ta ɗauke wa mutum yankan ciyawa. Wanda ya ɗauki manhajar sai ya sayi na'ura, ya tanadi lantarki dare da rana, ya riƙa yin kwafin ajiya, ya toshe kowace kafa da ɓarayin intanet za su bi, sa'an nan ya ɗauki gwani wanda zai tashi tsakar dare in abu ya lalace. Saboda wannan wahala ne manyan kamfanoni suka ce a kawo su yi kiwo. Suna da gidaje maƙare da kwamfutoci a ƙasashe dabam dabam, ana haya ta intanet, su ne ake yi wa laƙabi da gajimare. Cikin Oktoba 2009 kamfanin Amazon ya buɗe RDS da MySQL, ya ƙara PostgreSQL cikin 2013. Google da Microsoft su ma suna da irinsa. Mai haya yana biya gwargwadon abin da ya yi amfani da shi, kamfani kuwa shi ke sabunta manhaja, ya yi kwafi kullum, in an biya ƙari ya ajiye rumbu na biyu a wani gini dabam, wanda zai karɓi aiki in na farko ya faɗi. A RDS ana iya mai da rumbu yadda yake a wani lokaci da ya wuce, har zuwa kwana 35 baya.

Wannan ciniki ya yi albarka ƙwarai, sai rigima ta tashi. Waɗansu kamfanonin da suka ƙirƙiri rumbunan suka ce abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: su ke biyan masu ƙira, masu gajimare ke kwashe riba. Cikin Oktoba 2018 MongoDB ya sake lasisinsa, ya ce duk mai sayar da kiwon rumbunsa dole ya baje asirin dukan manhajar da yake gudanar da cinikin da ita. Elastic ya bi sahu cikin Janairu 2021, Redis kuma cikin Maris 2024. Masu gajimare ba su zauna ba. Da yake tsohon lasisi bai hana ba, sai aka ɗauki ƙirar ƙarshe da ta fito ƙarƙashinsa aka ci gaba da ita da sabon suna. Haka OpenSearch ya fito daga Elasticsearch cikin 2021, Valkey kuma daga Redis cikin 2024, 'yan kwanaki kaɗan bayan sanarwar. Daga baya Elastic cikin 2024, da Redis cikin 2025, suka komo suka ƙara lasisi mai buɗaɗɗen tushe.

Abin da muka gani cikin wannan ja-in-ja shi ne, amfanin buɗaɗɗen tushe ya wuce sauƙin kuɗi. Babban amfaninsa shi ne mai kaya yana iya kora shanunsa ya kai wa wani makiyayi. Wanda rumbunsa PostgreSQL ne tsantsa, in haya ta yi tsada ko sharuɗɗa suka sake, yana iya kwashe bayanansa ya kai wani kamfani, ko ya komo da su ofishinsa. Amma masu gajimare suna da nasu rumbunan, kamar Aurora na Amazon, masu jin harshen MySQL da PostgreSQL, alhali asirin ƙirarsu a rufe yake. Mai haya in ya saba da abubuwan da babu su sai a can, ran tashi zai tarar da dabaibayi a ƙafarsa. Zanen aro ba ya rufe katara.

Har ila yau kada a ɗauka gajimare ba ya gobara. Ran 10 ga Maris 2021 wuta ta cinye ɗaya daga gidajen kwamfutocin kamfanin OVH a Strasbourg ta ƙasar Faransa. Waɗansu masu haya sun rasa bayanansu har abada, domin kwafin ajiyarsu yana wuri ɗaya da na asali. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka muna jawo hankalin duk ma'aikatar da ke shirin ba da wannan kiwo, kafin ta sa hannu a takarda ta tambayi abu huɗu. Wane lasisi ne bisa manhajar? A wace ƙasa bayanan za su zauna, dokar wa ke hukunci a kansu? Ran da aka so tashi, ta yaya za a kwashe su, nawa za a biya? Akwai kwafi a hannun wani dabam, an kuwa taɓa gwada mai da shi aka ga ya yi? Kamfani yana iya ɗauke wa ma'aikata wahalar na'ura, amma ran da albashin ma'aikaci ko sakamakon jarrabawar yaro ya ɓace, ba kamfani jama'a za su tuhuma ba. Wanda aka ba amana tun farko, shi za a tambaya.