Zanin Kaka da Keken Ɗinki: Haɗa Kayan Jariri a Gida

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, naira kuma ta faɗi a watan da ya biyo baya, lissafin haihuwa ya sauya a gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Zuwa Disambar 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari. A unguwa irin Kurmin Sarki da ke Suleja, garin da dubban ma'aikata ke kwana su yi sammakon zuwa Abuja, kafin a kai ga maganar ragon suna, kuɗin famfas mai juna biyu take fara aunawa. Sabon jariri yakan ɓata takwas zuwa goma a yini, kowanne kuma sau ɗaya ne a jefar.

Abin da zai rage wannan nauyi yana cikin ɗaki tun tuni. Nafkin ba komai ba ne illa ƙyalle mai santimita 60 tsawo da faɗi, a kalmashe bakinsa. Da ashirin a hannu, uwa za ta iya wanke wasu tana amfani da wasu. Shimfiɗar kwanciya, ƙyallen goge tumbiɗi, hula, 'yar riga mai buɗaɗɗen gaba, majanyi, duk ɗinki ne miƙaƙƙe da keken Butterfly ke gamawa a zama ɗaya, allura da zare ma sun isa. Wadda ta yi zumunci da telan unguwa ba za ta rasa ragowar yadi ba, sauran kuma ta ƙaro a Kasuwar IBB ko ta Madalla.

Wurin zaɓen yadi ne ake yawan yin tuntuɓe. A da, masaƙun Kaduna na fitar da yadin auduga zalla: an buɗe masaƙar KTL a 1957, ta durƙushe a 2002, ta UNTL kuma ta rufe a 2007. Yau yawancin abin da ke cika rumfunan Kantin Kwari a Kano daga waje yake zuwa, musamman Sin, kuma da dama an gauraya shi da zaren roba. Irin wannan ba ya shan ruwa, yana riƙe zafi, fatar jariri ta yi ta fesar da ƙuraje. Gwajinsa mai sauƙi ne. A zare zare ɗaya a kusanta shi da ashana: auduga takan ƙone ta zama toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Shi ya sa tsohon zanin kaka da ya sha wanki ya fi sabuwar atamfa mai sheƙi dacewa da jikin jinjiri. In sabuwar ce ta samu, a wanke ta sosai sitaci da ragowar rini su fita.

Sai dai gaskiya ce, nafkin yana cin ruwa da sabulu, kuma gidan da ke sayen ruwa a jarka wajen mai kura dole ya saka wannan a lissafi. Daminar Suleja doguwa ce, shanya na wuya. Duk da haka kada a baza kayan jariri a ƙasa ko kan yashi, domin akwai ƙudan da ke saka ƙwai a tufafi masu danshi, tsutsarsa ta shige fata ta zama kamar maruru. A shanya a igiya cikin rana, a bi da guga mai zafi ciki da waje.

Akwai kuma abin da bai kamata a ɗinka ba. Likitocin yara sun hana sa wa jariri matashin kai kafin ya shekara, saboda yana iya toshe masa numfashi. Maɓalli, duwatsun ado da igiya a wuya su ma haɗari ne. Nafkin kuwa a naɗe shi ƙasa da cibiya, a bar ta ta sha iska har ta faɗi.

Mafi daraja a cikin kayan nan shi ne zanin goyo. A 1978, a wani asibitin haihuwa da ke Bogota ta ƙasar Kolombiya, kwalaben renon bakwaini sun yi ƙaranci, sai Dakta Edgar Rey ya sa iyaye mata su riƙa ɗaure jariran a ƙirji, fata na taɓa fata. A Nuwambar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara wannan reno nan take bayan haihuwa ga bakwaini da duk jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba. Kayan aikin da ake buƙata hula ce, da nafkin, da zani mai ƙwari da zai tallafi kan yaro a tsakanin nonon uwa, fuskarsa a juye gefe don ya numfasa. Idan mai jego ta gaji ko za ta shiga wanka, uba ko kaka na iya karɓa su ɗaura a nasu ƙirjin.