Yini Guda a Birnin Kano da Iyali

In an gama aikin kaka, an zuba hatsi a rumbu, manomi ya sami sarari. To, wannan shi ne lokacin da ya kamata mu ɗauki iyali mu kai su birni. Da yawa daga cikinmu mukan shiga Kano, mu yi ciniki, mu juya gida, ba mu ga kome ba. Ga abubuwan da za mu nuna wa yara.

Mu fara da Dutsen Dala da sassafe, tun rana ba ta yi zafi ba. An yi masa matakala har bisa. Tarihin Kano ya ce a nan mutanen farko suka zauna, babbansu Barbushe. Daga ƙwanƙoli za mu hangi gari duka, mu hangi Goron Dutse da hasumiyar masallaci. A riƙe hannun ƙananan yara sosai.

Daga can kuma za mu ga sauran ganuwa, watau badala. Sarki Gijimasu ne ya fara ginata, ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. Sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Da ƙasa aka gina ta, aka yi mata ƙofofi, kamar Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Na'isa da Ƙofar Kabuga da Ƙofar Mazugal. A da, in dare ya yi sai a rufe su. Yau kuwa yawancin ganuwar ta zube. Ruwan sama ya ci wani wuri, mutane sun ɗebi ƙasa, wasu sun yi gidaje a kai. In ba mu kai yara sun gani yanzu ba, wata rana sai dai su ji labari.

In mun sauko sai Kasuwar Kurmi. Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta, shi kuwa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A da fatake sukan keto hamada da raƙuma su kawo mata gishiri, su sayi tufafi da fatu. Lungunanta matsattsu ne, kowace sana'a da layinta. Ga dukawa, ga masu turare, ga masu riguna da huluna. Mu taya kaya a hankali. Kuɗi kuma a adana su cikin aljihun ciki.

Sa'an nan mu nufi Ƙofar Mata, inda marina take. An ce tun 1498 ake rini a nan. Marini yakan haɗa baba da toka da kanwa cikin rami mai zurfi, ya bar su kwanaki su jiƙa. Ya tsoma zane, ya ɗaga shi ya sha iska, ya sāke tsomawa. Iskar nan ita ke mai da shi shuɗi. Yawan tsomawa shi ke ƙara duhu. Ramuka da yawa ba a aiki da su yanzu, gama yadin masaƙa ya cika kasuwa. Wanda ya sayi ko da kallabi ɗaya ya taimaki sana'ar.

Da azahar mu yi salla a Babban Masallaci. Kusa da shi ga Gidan Rumfa, fadar Sarki. Ba a kutsa kai ciki, sai da izini. Gaba kaɗan ga Gidan Makama, wanda aka mai da shi gidan tarihi. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofi, da kayan yaƙi, da hotunan sarakuna. An rubuta bayani jikin kaya. Mu karanta wa iyali da kanmu.

Mu riƙe abu uku. Mu tafi da ruwan sha da guzuri. Mu koya wa kowane yaro sunan ubansa da na ƙauyensu, ko da zai ɓace. Mu kama hanyar gida kafin magariba.

Tambayoyi

1. Wa ya fara gina ganuwar Kano?
2. Me ya sa ganuwa ta zube?
3. Da me ake haɗa ruwan rini?
4. Rubuta sunayen ƙofofi uku na birnin Kano.