Wa zai koya wa ɗan Goutte d'Or lissafin kusurwa?

Unguwar La Goutte d'Or tana arewacin Paris, a gunduma ta 18, kuma baƙi sun fi saninta da kasuwar Dejean da shagunan atamfa na Château Rouge. Iyayen da ke zaune a can, ciki har da Hausawan Nijar da Najeriya, suna da wata buƙata da ba ta rasa nasaba da makomar 'ya'yansu: wanda zai zauna da yaro da yamma ya warware masa lissafi. Ƙungiyoyin unguwa irin su Les Enfants de la Goutte d'Or, wadda ta soma aiki tun 1978, da ADOS da Accueil Goutte d'Or, sun daɗe suna wannan hidima, galibi da 'yan sa-kai.

Buƙatar ba ta wannan unguwa kaɗai ba ce. A gwajin PISA na 2022 yaran Faransa 'yan shekara 15 sun sami maki 474 a lissafi, ƙasa da na 2018 da maki 21. A gwajin TIMSS na 2019 kuwa, 'yan aji huɗu na firamare su ne na ƙarshe cikin ƙasashen Tarayyar Turai da suka shiga. PISA ta sha nuna cewa a Faransa ƙarfin gidan da yaro ya fito yana tasiri a sakamakonsa fiye da yadda yake yi a yawancin ƙasashe masu arziki.

Wani sashe na laifin na sauye-sauyen manhaja ne. A 1967 aka kafa kwamitin André Lichnerowicz, wanda ya ɗora koyar da lissafi a kan ilimin rukunoni, bisa tasirin masanan da ke rubutu da sunan Bourbaki. Yara ƙanana suka koma zana da'irori masu shiga juna, iyaye suka kasa taimaka musu, a farkon shekarun 1980 aka janye tsarin. (Najeriya ta riga Faransa, domin tun 1977 Kanar Ahmadu Ali ya soke lissafin zamani a makarantu.) Manhajar 2019 ta sake ba alamomin rukuni muhimmanci a shekarar farko ta babbar sakandare: haɗaka, mahaɗa, wane ne cikin wane. A daidai lokacin kuma garambawul ɗin minista Jean-Michel Blanquer ya cire lissafi daga darussan dole na shekaru biyun ƙarshe, sai a 2023 aka maido da sa'a ɗaya da rabi a mako ga 'yan ajin kusa da ƙarshe. Uban da ya yi boko a Maradi ko Damagaram zai iya tuna wani abu, amma littafin ɗansa ya sauya fuska. Uwar da karatunta na allo ne ko na Ingilishi, Faransancin tambayar ma kaɗai ya isa ya tsayar da ita.

Lissafin kusurwa ne ya fi tona asirin giɓin. A ƙarshen ƙaramar sakandare abin da sauƙi: alwatika mai kusurwar digiri 90, a haddace sin da cos da tan. A babbar sakandare kuwa sai a koma auna kusurwa da radiyan a kan da'ira, haddar ta daina aiki. Samun ɗan sa-kai mai koyar da karatu da ninkawa ba wuya. Mai iya bayyana dalilin da ya sa cos na digiri 60 ya zama rabi, shi ne ake nema da fitila. Shirin gwamnati na Devoirs faits, wanda aka fara a 2017 kuma ya zama dole ga 'yan aji ɗaya a 2023, a ƙaramar sakandare ya tsaya, daidai inda tudun ya fara.

Masu hali sun sami mafita a kasuwa. Kamfanoni irin su Acadomia suna tura malami har gida, gwamnati kuma tana mayar da rabin kuɗin ta hanyar rangwamen haraji. Ɗaya rabin ma nauyi ne ga mai gadi ko mai sharar ofis, ga kuma ƙuncin ɗaki inda yara da yawa ke raba tebur guda. Wannan tallafi, a gaskiya, ya fi amfanar wanda dama yake da shi.

Sauran sun koma waya. Bidiyoyin Yvan Monka a YouTube kyauta ne, suna bin manhaja mataki-mataki, sun kuma ceci ɗalibai masu yawa. Photomath da ChatGPT kuwa suna iya miƙa amsa kafin yaro ya yi tunani, malami ya ga aikin gida tsaf, ranar jarrabawa takarda ta dawo fayau.

A Lyon, unguwar Guillotière tana da irin wannan hali. Can da Paris ƙungiyar AFEV tana haɗa ɗalibin jami'a da yaro guda, sa'o'i biyu a mako, kuma irin wannan zama na mutum da mutum shi ne ya kamata a ƙara faɗaɗawa a babbar sakandare. Tun yana shekara 15 ko 16 yaro yake zaɓen darussan da zai ƙware a kai, kuma wanda ya guje wa lissafi a lokacin, da wuya makarantun injiniya su ɗauke shi ta Parcoursup, dandalin neman gurbin karatun gaba da sakandare. An kuma tsara cewa daga Yunin 2026 duk ɗan ajin kusa da ƙarshe zai zauna jarrabawar lissafi ta ƙasa, ko ya zaɓi darasin ko bai zaɓa ba.