Ɗan Kwangila, Me Inshorarka Ta Ɗauka, Me Ta Bar Maka?

Duk wanda ya san Tahoua kafin bikin 18 ga Disamba na 2017, wanda aka yi wa laƙabi da Tahoua Sakola, ya san garin ya sake kama. Gini bai tsaya ga ayyukan gwamnati ba. Kuɗin ƴan bida da ke Abidjan da Libiya da Aljeriya suna shigowa, gidajen ƙasa suna komawa na bulo, wasu har da bene, ga simintin Malbaza a kusa. Haka abin yake a Keita da Bouza da Abalak. Mai gida yana can nesa, sai dai a tura masa hoto ta WhatsApp. Wanda ke tsaye kan aikin shi ne ɗan kwangila. To, idan katanga ta zube kafin a miƙa makulli, asarar ta wa ce?

Dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ba ta ɓoye amsa ba. Sashe na 1788 ya ce idan mai aikin ne ya kawo kaya, abin ya lalace kafin ya miƙa shi, asara tasa ce. Sashe na 1792 kuma ya ɗora wa ɗan kwangila da mai zanen gini alhakin shekara goma a kan ginin da aka yi cinikinsa a dunƙule, idan ya rushe saboda aibin aiki, ko da aibin na ƙasar wurin ne. Ƴan kwangila da yawa suna ɗauke da wannan kaya ba su sani ba.

Inshorar da aka tanada don wannan sana'a ita ce wadda kamfanoni ke kira TRC, wato ta haɗurran wurin gini. A manyan ayyukan gwamnati galibi takardar kwangila ce ke tilasta ta. Sunanta na nuna kamar ta haɗa komai, alhali tushenta ginin da ake yi ne da kayan da za su shiga cikinsa, daga ranar fara aiki zuwa ranar miƙawa. Sauran abubuwa ƙari ne, sai ka nema, ka biya, an rubuta. Kuma a cikin ƙarin nan ne akasarin masifun Adar, wato yankin Tahoua, suke.

Fara da ruwa. Damunar 2024 ta kashe mutane sama da 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, jihar Tahoua na cikin waɗanda suka fi jin jiki, har gwamnati ta rage farashin siminti a watan Oktoba don a samu sake gini. Wanda ya san Adar ya san ruwan da ke gangarowa daga kan dutse ba ya sallama. Ƙoramar da ta kwana busasshiya kan cika cikin sa'a guda, ta cike ramin tushe, ta jiƙa buhunan siminti. Kada ka ɗauka cewa ambaliya da guguwa suna cikin takardarka. Nemi layin da aka ambace su, ka duba sharaɗinsa, domin wasu kamfanoni ba sa biyan kayan da aka jibge a fili ko a kwari. Ka tambayi kuɗin kwashe ɓaraguzai ma, shi ma sau da yawa ƙari ne, kuma tifa ba ta aiki kyauta.

Ƙarin da na fi ba muhimmanci shi ne na ɓarnar da aiki ya yi wa wasu. A tsofaffin unguwanni gida na jingine da gida. Ka haƙa tushe kusa da katangar ƙasa ta maƙwabci, ruwa ya sauka, ta kwanta. Ko yaro ya faɗa ramin masai da aka bari a buɗe. Siminti da ya jiƙe ana sanin kuɗinsa, amma diyyar rauni ko rai tana iya cinye jarin shekara ashirin. Kusa da wannan akwai ƙarin tsohon gini: idan bene za ka ɗora a kan gidan da ke tsaye, ko ɗaki za ka ƙara, tushen inshorar sabon aikin kawai ya sani. Ɗakunan ƙasa su tsage, babu ruwan kamfani sai in an rubuta.

Sata kuwa tana da nata tarko. Yawanci ana sharɗanta mai gadi, ko ɗakin ajiya mai ƙofa da kwaɗo, kuma sai an ga alamar fasawa. Rodin da ya riƙa raguwa kaɗan-kaɗan, ba a san ranar da ya tafi ba, ba a biyansa. Injin kwaɓa siminti da janareta da na walda su ma ba sa cikin gini, jerinsu daban ake yi. Wanda haya yake ɗauko su, ya fara tambayar mai su ko suna da inshora, kada a biya sau biyu. Mai aiki a can arewa, wajen Tchintabaraden, ya san wannan: dokar inshora ba ta ɗora wa kamfani ɓarnar yaƙi ko tarzoma ba, sai an yi yarjejeniya ta musamman.

Wannan doka ita ce ta CIMA, ƙungiyar ƙasashe 14 da aka kafa a Yaounde a 1992, Nijar na ciki, kuma ita ke kan SNAR-Leyma da CAREN da SUNU da sauran kamfanoni. Tun 2011 sashenta na 13 ya yanke magana: ba a biya kuɗi ba, inshora ba ta fara ba. Bashin da muka saba a kasuwa, na "in mai gida ya turo zan cika", ba ya aiki a nan. In abu ya faru, wa'adin sanar da kamfani ba ya gaza kwanakin aiki biyar, na sata kuma sa'a 48 ne, don haka daga ofishin ƴan sanda ko na jandarma sai kamfani. Bayan shekara biyu haƙƙin ƙara ya faɗi. Dokar ta kuma kare ka: duk abin da kamfani ya cire daga alhakinsa dole ya fito ɓaro-ɓaro a takarda, ba a ɓoye cikin ƙananan baƙaƙe ba.

Ga wata dabara da ke cin mai ita. Aikin miliyan 20 ne, ka ce na miliyan 10 ne don kuɗin inshora ya ragu. Asarar miliyan 4 ta auku, miliyan 2 za a ba ka, sannan a cire kason da takarda ta bar wa aljihunka. Lissafin haka yake a doka, ba zaluncin ma'aikaci ba ne.

Leburan da ya faɗo daga tsani fa? Wannan ba hurumin TRC ba ne. Haɗarin aiki a Nijar na hannun asusun CNSS ne, rajistar ma'aikata kuma wajibi ce a kan mai ɗaukar aiki, ba zaɓi ba. Wanda ya sayi inshorar injinsa ya bar maginansa ba rajista, ya fifita ƙarfe a kan mutum.

Na san wasu abin da ke hana su yin inshora shakka ce ta addini, kuma ba abin rainawa ba ne. Malamai da dama sun soki inshorar kasuwanci, shi ya sa aka ƙirƙiro takaful, tsarin taimakekeniya da ya fara a Sudan a 1979, akwai kamfanoninsa a Najeriya, CIMA ma ta fitar masa da ƙa'idoji. Tambayi malaminka, ka kuma tambayi kamfani ko yana da wannan tsari.

Ba kowane ƙari ne ya wajaba a kan mai gina ɗaki biyu da zaure ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a haƙa tushe, ka zauna da mai gida ko wakilinsa, ku sa kuɗin inshora cikin kuɗin aiki, ku rubuta wanda zai biya. Takardar da Faransanci take zuwa, don haka ka tafi da wanda zai karanta maka ita layi-layi, musamman shafin abubuwan da ba a biya. Kada ka sa hannu sai ka ga rasit mai hatimin kamfani.