AJIYAR TAKARDUN GWAMNATI A RUMBUN 'YAN KWANGILA

Daga Tudun Jukun, Zariya

Tun zamanin En'e ba abin da akawu ya ke tsaro kamar kundin ofis. Littafin haraji da na jangali, da takardar albashi, da rajistar kotun alkali, duka a kabad a ke kulle su, mabuɗi kuwa yana hannun mutum guda, wanda in abu ya salwanta shi za a tuhuma. Domin koyar da irin wannan aiki aka buɗe makarantar horon akawuna a Zariya cikin 1947, wadda ta girma ta zama Makarantar Koyon Aikin Mulki ta Kongo, aka haɗa ta da Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962. Cikin 1976 ƙananan hukumomi suka gaji En'e, amma kabad da fayil suka daɗe suna nan.

To, yanzu al'amari ya sāke. Sunan malamin makaranta da matakin albashinsa, da sakamakon jarrabawar almajiransa, da shaidar mallakar filin gidansa, yawancinsu sun koma cikin kwamfuta. Sau da yawa kuma kwamfutar ba ta cikin ofishin da ya ke da takardun. Tana can wani gari, ko wata ƙasa, hannun ɗan kwangila. Ya kamata akawuna da malamai su fahimci yadda wannan ciniki ya ke, domin haƙƙinsu ne a ke ajiyewa.

MENE NE RUMBUN GAJIMARE?

Turawa suna kiran wannan tsari da sunan gajimare, amma kada sunan ya ruɗe ku. Wani ƙaton gini ne a ƙasa, cike da dubban kwamfutoci jere bisa kanta, da na'urorin sanyaya ɗaki, da injunan wuta na ko-ta-kwana, da masu gadi dare da rana. Mai ginin yana ba da hayar wuri da ƙarfin aikin na'urorinsa, mai haya kuwa yana aika bayanansa ta intanet, ya ɗauko su sa'ad da ya so, ya biya gwargwadon abin da ya yi amfani da shi, kamar kuɗin lantarki. Manyan masu wannan sana'a a duniya su ne Amazon da Microsoft da Google, dukansu na Amurka.

Dalilin da ya sa gwamnatoci ke sha'awar hayar a fili ya ke. In kowace ma'aikata za ta sayi nata na'urori, ta nemi ƙwararrun da za su kula da su, ta sha man janareta kullum, kuɗin ya yi yawa, ga shi bayan 'yan shekaru na'urorin sun tsufa. Wata ma'aikatar kuwa aikinta na lokaci ne, kamar hukumar jarrabawa, wadda jama'a ke yi wa cincirindo mako biyu ko uku, sa'an nan a watse. Haya ta fi mata sauƙi.

YADDA NIJERIYA TA TSARA

Mutanen Tudun Jukun da Tudun Wada sun san Kamfanin Gaskiya, wanda Gwamnati ta kafa cikin 1945 domin buga jarida da littattafai da maɗaba'arta ta kanta. Irin wannan dabara Gwamnatin Tarayya ta bi cikin 2006, da ta kafa kamfanin Galaxy Backbone domin ya riƙe wa ma'aikatu hanyoyin sadarwa da rumbun bayanai. Yana da rumbu a Abuja, cikin Janairu 2023 kuma aka buɗe wani babba a Kano.

Amma kamfani guda ba ya iya ɗaukar kayan kowa, saboda haka dole a shiga kasuwa. Cikin 2019 hukumar NITDA, mai kula da fasahar sadarwa, ta fito da manufa wadda ta ce in ma'aikata za ta yi sabon aikin kwamfuta, ta fara duba hayar rumbun gajimare kafin ta sayi na'urori. Manufar ta kasa bayanan Gwamnati aji-aji bisa ga nauyin asirinsu. Abin da a ke bugawa kowa ya gani ba shi da wuyar sha'ani, abin da ya shafi tsaron ƙasa kuwa lalle ya zauna cikin Nijeriya.

Wajen ba da kwangilar, akwai Dokar Sayayyar Gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP. Asalin ƙa'idarta shi ne a yi shela cikin jaridu, kowane kamfani da ya cancanta ya kawo tayinsa a rufe, a buɗe gaban jama'a, a ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma kuɗinsa ya fi sauƙi. Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar cikin 2016. Sa'an nan cikin Yuni 2023 aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta nuna cewa ofishin da ya karɓi bayanin mutum ba ya kuɓuta daga alhaki don ya miƙa shi ga ɗan kwangila.

ABIN DA YA FARU A AMURKA

Kada a zaci wannan ciniki yana da sauƙi ko ga manyan ƙasashe. Ma'aikatar Tsaron Amurka ta shirya wata kwangila mai suna JEDI, ta kimanin dala biliyan 10 cikin shekara 10, ta ce kamfani guda za ta ba. Cikin Oktoba 2019 aka ba Microsoft. Amazon ya ce ba a yi masa adalci ba, ya kai ƙara, kotu ta dakatar da aikin. Aka yi ta ja-in-ja har Yuli 2021, sa'ad da ma'aikatar ta soke kwangilar ɗungum. Cikin Disamba 2022 ta sāke bayarwa, amma a wannan karo ta raba wa kamfanoni huɗu, watau Amazon da Google da Microsoft da Oracle, kan kuɗin da bai wuce dala biliyan 9 ba. Shekara uku ke nan suka tafi a banza, domin an nemi ɗora kaya duka bisa jaki guda.

HAƊARI HUƊU

Na farko, dokar wata ƙasa. Cikin 2018 Amurka ta yi doka wadda ta ba hukumominta iko, ta hanyar shari'a, su nemi kamfanin Amurka ya miƙa bayanan da ke hannunsa, ko da a wata ƙasa ya ajiye su. Ashe sanin garin da rumbu ya ke bai isa ba, sai an san dokar da ke bisa wuyan mai rumbun.

Na biyu, gobara da ɓarna. Cikin Satumba 2025 wuta ta tashi daga batura a rumbun bayanan Gwamnatin Koriya ta Kudu a birnin Daejeon, ayyukan Gwamnati fiye da 600 suka tsaya cik, wata ma'ajiyar fayilolin ma'aikata kuma ta ƙone ba ta da kwafi a ko'ina. Rumbun nan na Gwamnati ne, ba na ɗan kwangila ba, watau mallaka kaɗai ba ta tsare dukiya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na uku, yankewar hanya. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet da ke shimfiɗe ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma suka lalace, bankuna da ofisoshi a Nijeriya suka sha wuya kwana da kwanaki. Wanda rumbunsa ke ƙetaren teku, ran da waya ta yanke ba shi da kundi.

Na huɗu, kuɗi. Kamfanonin waje da dala su ke lissafi. A farkon Yuni 2023 dala ɗaya ba ta kai naira 500 ba a farashin Gwamnati, amma cikin 2024 ta haura naira 1,500. Ma'aikatar da ta yi kasafi da naira sai ta ga haya ta ninka uku, kwashe kaya zuwa wani rumbu kuwa shi ma yana da nasa tsada da wahala.

ABIN DA AKAWU ZAI DUBA

Ba akawu ke sa hannu kan kwangila ba, amma ta teburinsa takarda ta ke bi, shi ke rubuta bayanin taro, shi ke tuna wa shugaba abin da aka manta. To, in irin wannan takarda ta zo gabanka, duba ko an rubuta a fili cewa bayanan mallakar Gwamnati ne, ɗan kwangila mai ajiya ne kawai. Duba ko an faɗi ƙasar da za a ajiye su, da wuri na biyu mai nisa inda za a ajiye kwafi, da lokutan da za a riƙa gwada kwafin a tabbata yana buɗuwa. Duba ko za a juya bayanan su zama rubutun asiri, kuma hannun wa mabuɗin zai zauna, domin mai mabuɗi shi ne mai ɗaki. Duba cikin awa nawa kamfani zai ba da labari in ɓarayi sun kutsa, da tarar da zai biya in aiki ya tsaya. Daga ƙarshe duba yadda za a rabu: cikin kwana nawa zai mayar da bayanan, a kan nawa, da shaidar cewa ya goge abin da ya rage wurinsa. Tayin da ya fi arha amma babu waɗannan a ciki, ku tuna araha ba ta ado.

Ku kuma malamai, ku riƙe takardar kama aiki da ta ƙarin girma da ta albashi a wuri mai kyau, kada ku ba kowa kalmar sirrinku, ko da abokin zama ne a ofis. Sau da yawa ɓarawo ba ya fasa rumbu, mabuɗi ya ke samu hannun wanda ya yi sakaci. Ranar da mutum ya yi ritaya ya zo neman fansho, abin da kundi ya nuna shi za a bi. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, mu kuma ya sa mu taimake su da gaskiya, amin.