Audacity: Yadda masu amfani da manhajar naɗar sauti suka taka wa wani kamfani birki

A watan Afrilun 2021, kamfanin Muse Group ya karɓi ragamar Audacity, manhajar naɗar sauti da tace shi wadda ake saukewa kyauta. Cikin watanni uku rikici ya ɓarke tsakaninsa da masu amfani da ita kan tambaya guda: wane ne zai ga bayanansu?

Mece ce Audacity?

Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg ne suka fara gina ta a 1999 a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka, aka sake ta a watan Mayun 2000. Da ita ake naɗar murya, a yanke hira, a rage hayaniya, a haɗa muryoyi da dama cikin shiri ɗaya. 'Yan jarida da masu shirye-shiryen rediyo da mawaƙa sun rungume ta saboda ba ta buƙatar ko sisi.

Sai dai darajarta ta wuce rashin biyan kuɗi. Tana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya bai wa kowa damar karanta rubutun da aka gina ta da shi, ya gyara shi, ya kuma raba wa wasu.

Ina aka samu saɓani?

A watan Mayun 2021, sababbin masu kula da manhajar suka gabatar da shirin tattara bayanan yadda ake amfani da ita ta hanyar Google da Yandex. Da yake a fili ake gabatar da kowane gyara, jama'a sun ga shirin kafin ya shiga manhajar. Suka yi ca, kamfanin ya janye shi.

A watan Yuli kuma aka fitar da sabuwar ƙa'idar sirri. Ta ce za a iya tattara bayanan da jami'an tsaro ko kotu suka buƙata, a wasu lokutan kuma a tura bayanai ofishin kamfanin da ke Rasha da lauyoyinsa a Amurka. Ta kuma hana yara 'yan ƙasa da shekara 13 amfani da manhajar.

Abin da aka lissafa a ƙa'idar shi ne irin kwamfutar mutum, da ƙasar da yake, da rahoton matsalar da manhajar ta samu. Ba a ambaci sautin da aka naɗa ba. Duk da haka, ga ɗan jaridar da ke riƙe da muryar wanda ya fallasa almundahana, kalmar jami'an tsaro kaɗai ta isa ta tayar da hankali.

Yadda ta kaya

Wasu masu shirya manhaja suka kwafi rubutun, suka cire duk abin da ke tura bayanai, suka fitar da nasu. Tenacity na cikin waɗanda suka ɗore. Kafin Yuli ya ƙare, kamfanin ya nemi afuwa, ya goge batun jami'an tsaro da na shekarun yara. Abin da ya rage shi ne binciken sabon samfuri, wanda ake iya kashewa, da rahoton matsala, wanda sai mutum ya amince ake aikawa.

Da rufaffiyar manhaja ce, mai amfani da ita ba shi da zaɓi illa ya yarda da maganar kamfani ko ya haƙura da ita.