Rawayar fitilar danja da hukuncin da ke kan direba

Rawayar fitila a danja umarnin tsayawa ce. Tana kamawa bayan kore ta mutu, kafin ja ta zo, kuma takan ɗauki daƙiƙa 3 zuwa 6, gwargwadon gudun da aka yarda a yi a titin. Yarjejeniyar Biyena ta 1968 kan alamomin hanya ta fayyace hukuncinta: kada mota ta ƙetare layin tsayawa, sai fa idan ta riga ta matso kusa ainun, yadda taka birki zai jawo haɗari. Wannan rangwame ɗan ƙarami ne, amma direbobi da yawa sun mai da shi lasin ƙara wuta, kuma babu fassarar da ta fi wannan muni.

Fitilar ba da hannu ta farko an kafa ta a Landan a 1868, da iskar gas take aiki, ba ta daɗe ba ta fashe. Ta lantarki da aka kafa a Kilibilan ta Amurka a 1914 ja da kore kawai gare ta. Wani ɗan sanda a Ditiroit, William Potts, shi ya ƙara rawaya a 1920, domin mota ba ta iya tsayawa cak a lokacin da fitila ta sauya.

Batun ya shafi direbobin Ƙaraye da Rogo ta wata fuska ta musamman. Wanda ya yi lodi a tasha ya nufi Kano yakan daɗe yana gudu a buɗaɗɗen titi kafin ya shigo ta Janguza da Rijiyar Zaki ya doshi Kabuga. Idon da ya saba da gudun kilomita 90 a awa yakan ga 65 tamkar tafiyar hawainiya, alhali ƙa'idar cikin gari a Najeriya 50 ce. Haka direba zai tunkari danjar farko da saurin da ya fi abin da yake zato.

Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 kowace daƙiƙa. Tsakanin ganin rawaya da ɗora ƙafa a birki akan yi asarar daƙiƙa guda, mita 14 sun tafi ke nan. Birki na hankali, wanda ba zai watsar da fasinja ba, yana buƙatar ƙarin kimanin mita 32. Jimla mita 46. Idan gudun ya kai 80, jimlar takan wuce mita 100, domin nisan birki ba ya bin gudu ɗaya bayan ɗaya: in gudu ya ninka sau biyu, nisan birki sau huɗu yake ninkawa. A ƙara da bas cike da fasinja, buhunan masara a but, sudaddiyar taya, da kwalta mai santsi a damina.

A 1960 wasu masana uku na kamfanin General Motors, Gazis da Herman da Maradudin, suka yi bayanin wani tarko da ke gaban kowace danja. Akwai wani yanki da idan rawaya ta riski direba a cikinsa, ba zai iya tsayawa kafin layi ba, ba kuma zai iya ƙetare mahaɗar kafin ja ta kama ba: gaba kura, baya sayaki. Injiniyoyi suna rage wannan yanki da daidaita tsawon rawayar, sai dai lissafinsu na mai bin ƙa'idar gudu ne. Mai wuce ƙa'ida da kansa yake faɗaɗa tarkon.

Saboda haka tun daga nesa ake yanke shawara. Koren da direba ya hango ta daɗe a kunne tana dab da mutuwa, sai ya sassauta totur, ya leƙa madubi ya san wanda ke binsa, ya ajiye wata alama a ransa, ko turken lantarki ko bakin wani shago. Rawaya ta kama kafin alamar, ya tsaya. Ta kama bayanta, ya wuce da gudun da yake kai, ba ƙari. Mafi haɗari shi ne mai wasiwasi, wanda zai taka totur sannan ya danne birki, na bayansa ya afka masa.

Wanda ya kutsa a ƙarshen rawaya kuwa, bugun gefe yake jawowa, kuma gefen mota ba shi da ƙarfen da zai kare fasinja kamar gabanta. A Kano abin ya fi tsanani, domin masu babur da 'yan adaidaita sahu sukan zabura tun kore ba ta ba su hannu ba, musamman inda fitila ke ƙirga daƙiƙu. Hukumar KAROTA da jami'an kiyaye haɗurra suna iya cin tarar mai laifi, amma bayan ya riga ya ƙetare.

Rawaya mai walƙiya ita kaɗai hukuncinta daban: an yarda a wuce, amma a hankali, bayan an duba dama da hagu. Inda jami'i ya tsaya yana ba da hannu kuwa, ko fitila na aiki ko ta mutu ɗungurum, hannun jami'in ake bi.